Ƙas Hamsin Sama da Sifili

Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sun turo saƙo suna tambaya ko aure aka ɗaura na ɓoye muku. Ba a ɗaura ba. Na yi ta buɗe wayar ina rufewa ne, don ban san ta inda zan faro ba. Abu ɗaya na yi wa kaina alkawari: ba zan rage nawa laifin ba, ko da za ku daina tausaya mini.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, Babana mai gyaran bindiga ne. Yana da lasisi, ga shi can a bango cikin gilashi, takardar har ta yi ja don tsufa. Ma'aikatan gandun daji da 'yan wasan harbi su ne masu kawo masa aiki. Shagon a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa zuwa falon Baba. Dogon benci ne guda, da fitila mai lanƙwasa wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai warin man bindiga da ba ya fita daga mayafina ko na wanke sau uku. Ni ce auta. Yayyena maza duk sun kama gabansu, babu wanda ya so sana'ar. Ni da na gama makaranta na zauna jiran aiki, na shiga shagon don in rage zaman banza, shekara huɗu ke nan ban fito ba.

Sai kun ɗan yi haƙuri in yi muku bayanin madubin da ake ɗaura wa bindiga, don labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. Madubin yana da abin murɗawa guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a gefe. Baba yana kiransu kunnuwa. Na sama yana ɗaga harsashi ko ya sauke shi, na gefe yana kai shi dama ko hagu. Idan ka murɗa za ka ji ƙas, ƙas, kowane ƙas ɗaya santimita ɗaya ne a nisan mita ɗari. Idan aka je filin gwaji aka yi ta harbi ana gyarawa har harsashi ya riƙa faɗawa daidai inda ido ya sa, sai a sassauta marfin kunnen, a juyo da lambar sifili ta fuskanci mai harbi, a ɗaure. Daga ranar, duk inda ka murɗa, ka san gidan da za ka koma.

Matsalar ita ce kunnen sama yana zagayawa fiye da sau ɗaya. Duk ƙas hamsin sai sifilin ya sake dawowa gabanka, kamar yadda sha biyu take dawowa a agogo, ta rana da ta dare duk fuska ɗaya. Abin da zai gaya maka a wane zagaye kake, wasu layuka ne sirara kamar gashi a ƙarƙashin marfin. Shi ya sa muke da littafi. Kowace bindiga da shafinta: rana, irin harsashi, nisa, da layin da sifilinta yake.

Kusan shekara biyu ke nan Baba ba ya ganin waɗannan layukan.

Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Da farko cewa yake, “Uwata, fitilar nan ta rage haske, karanto mini lambar nan.” Daga baya rubutun littafin ya dawo hannuna. Daga baya kuma ya fito da wata sabuwar doka, wai duk bindigar da aka gyara sai ta kwana a shago kafin mai ita ya karɓa. Da safe, yana shan shayi a ciki, ni kuma in bi bayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, in gyara abin da ya kauce, in mayar yadda ya ajiye. Hannunsa har yanzu ya fi nawa, yana jin kusar da ta yi sako-sako tun kafin ya sa sukundireba. Idon ne kawai. Na taɓa ambatar asibiti sau ɗaya, ya ce tabaransa lafiya lau suke, ya yini bai yi mini magana ba.

Sai kuma Likita. Likitan dabbobi ne a gandun daji, dogo, marar yawan magana, kullum takalminsa da busasshen taɓo, motarsa tana warin magani. Wata bakwai ke nan da ya gaya wa Baba yana sona, Baba ya ce ya nemi amsa a wurina. Ni kuma kullum sai in ce ya ƙara mini lokaci. Saƙonsa ba ya wuce layi ɗaya. “Kin ci abinci?” “Yau na ɗinke kunnen jaki, na tuna ki.” Na tambaye shi me ya haɗa ni da kunnen jaki, ya ce taurin ne. Na yi dariya har Umma ta leƙo.

Ina sonsa, kada ku yi shakka. Amma gidansa yana bakin gandun, tafiyar awa biyu. Idan na tafi, wa zai bi bayan Baba da safe?

Umma ba ta san wannan ba, ita gani take iyayi ne kawai. Ranar Talata ta same ni ina goge wani madubi, ta tsaya a bakin ƙofar falo da mayafinta a kafaɗa.

“Tashi mu je wurin tela.”

“Umma, aiki nake yi.”

“Aikin ya jira. Yayyen Likita mata za su zo ranar Asabar su gan ki, ba za ki fito musu da rigar nan mai tabon mai ba. Shekara ashirin da shida, mutum yana binki kamar ya yi miki laifi. Me kike jira, a aiko miki da takarda daga sama?”

Baba ya ce, “Je ki, Uwata. Ba wani aiki yau, ta Likita ce kawai, kunnenta ya yi tauri.”

Na kalli bindigar Likita a kan benci. Na ce a raina ai za ta kwana, gobe na duba. Na bi Umma.

Awa uku muka yi a wurin tela. Umma ta zaɓi yadi ruwan zuma, ta ce a yi doguwar riga mai ƙananan duwatsu a hannu, ni na ce ban son duwatsu, tela ta ce ango zai so, suka haɗu suka yi ta dariya. Aka auna ni sama da ƙasa ina tsaye kamar itace. Da la'asar muka dawo, na shiga shago, wurin bindigar babu komai sai tsumman da aka shimfiɗa mata.

“Baba, ina ta Likita?”

“Ya biyo ya karɓa, ya ce yana buƙatarta cikin satin nan. Na sa wa kunnen mai, na kai shi can sama na dawo da shi ƙasa sau uku har ya saki. Na mayar masa kan sifili.”

Na ce to. Na buɗe littafin, na sami shafin, ga rubutuna nan: mita ɗari, sifili a layi na biyu. Na shiga ɗakina na zauna a bakin gado, ko mayafi ban cire ba. Na ɗauki waya na rubuta masa: “Kafin ka yi aiki da ita, ka duba layukan da ke ƙarƙashin kunnen sama. Biyu ya kamata ka gani.”

Na daɗe ina kallon saƙon. Zai ce me ya sa? Ba Baba ne ya gyara da hannunsa ba? Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana wannan aiki, 'yarsa ce za ta ce a duba bayansa? Idan maganar ta fita a gandun, wa zai sake kawo mana aiki, kuma wane ido Baba zai ɗaga ya kalli mutane? Na ce wa kaina ai Baba yana ƙirga ƙas da kunnensa, ba zai ɓata ba. Na ce ai Likita mai hankali ne, zai gwada kafin ya fita. Na goge saƙon harafi bayan harafi. A madadinsa na tura, “Ka isa lafiya?”

Ya amsa, “Lafiya lau. An yi ɗinkin?”

Ranar Alhamis ban ji daga gare shi ba. Na kira sau biyu, ba a ɗauka ba. Ranar Juma'a bayan an ci abincin rana, Baba ya shiga falo ya kishingiɗa, ina shago ni kaɗai, sai ga motarsa ta tsaya. Ya yi sallama a hankali. Rigar jikinsa ta yamutse, gefen fuskarsa a kuje, idonsa ja kamar wanda bai runtsa ba. Ya ɗora jakar bindigar a kan benci.

“Me ya same ka?”

“Zauna tukuna.”

Na ja kujera. Shi bai zauna ba. Ya ce wata ɓauna ce tarkon waya ya kama wa ƙafa, ƙafar ta ruɓe har ƙashi, babu maganin da zai tashe ta, aka yanke shawarar a hutar da ita. Su uku suka je, shi da shugaban masu gadi, wanda dattijo ne da ya kusa ritaya, da wani mai gadi guda. Suka same ta kwance a cikin ciyawa, kanta kaɗai ake gani, nisan kamar mita tamanin. Ya durƙusa, ya saita, ya ja kunama.

“Ta saman ƙahonta harsashin ya wuce. Ban taɓa ganin dabba mai ƙafa uku ta tashi da irin wannan gudun ba. Kafin in sake ɗana wani ta iso. Dattijon ne ya ture ni gefe, ita kuma ta ɗauke shi.”

“Ya rasu?”

“Yana da rai. Ƙugu ya karye, da haƙarƙari uku. Na ukunmu ne ya kashe ta. An yi masa aiki jiya, sun ce ba su sani ba ko zai sake tafiya kamar da. 'Ya'yansa biyar.”

Na zuge jakar. Na jawo fitila na sunkuya a kan kunnen sama. Lambar sifili tana kallona daidai, kyakkyawa, kamar ba ta yi komai ba. A ƙarƙashinta layi uku.

Na kama kunnen na fara saukewa. Ƙas, ƙas, ƙas. Shagon ya yi tsit, ba abin da ake ji sai wannan. Ina ƙirgawa a zuci, hawaye yana ɗiga a kan tsumman. A na hamsin sifilin ya dawo, layi na uku ya shige ƙarƙashin marfi.

Likita ya ce, “Na gani tun a daji, bayan an ɗauke shi. Ban taɓa ba, na ce sai kin gani da idonki. Laifina ne. Na karɓi bindiga daga gyara na fita da ita ban gwada ba, abin da nake hana ƙananan ma'aikata.”

Da na yi shiru a nan, da ya tafi da laifin shi kaɗai, kuma na san zai ɗauka. Wallahi na so in yi shirun. Amma bakina ya riga ni.

“Na rubuta maka saƙo ranar Talata. Na ce ka duba layin. Sai na goge.”

Ya juyo ya kalle ni sosai.

“Kin san akwai matsala?”

“Ban tabbata ba. Na dai san ban duba ba.”

“Me ya sa kika goge?”

“Za ka tambaye ni dalili.”

Ya sa hannu ya shafi fuskarsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mini sauƙi.

“Ba zan tambaya ba. Na san dalilin tun wata biyar. Na taɓa miƙa wa Baba takarda ya riƙe ta a juye yana gyaɗa kai. Na ga littafin nan duk rubutunki ne. Na san abin da ya sa kike ce mini in ƙara jira, shi ya sa nake jiran ban gaji ba. Na ɗauka wata rana za ki yarda da ni ki faɗa mini da kanki.”

Wata bakwai ina gadin ƙofar da shi tuni ya san abin da ke bayanta.

Ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu ya buɗe a kan benci. Fom ne na rahoton haɗari, ya ce ranar Litinin zai miƙa. Ya cike ko'ina, har inda ya rubuta cewa bai gwada bindigar ba. Gurbi ɗaya ya rage, inda aka ce a rubuta wanda ya yi mata gyara na ƙarshe.

Na ce, “Ka sa ni.”

“Ba ke kika gyara ba.”

“Ni ce ban duba ba. Ni ba ni da lasisin da za a ƙwace.”

“Idan na sa ki, za a ce ya bar marar lasisi tana taɓa bindigar hukuma, duk ɗaya ne. Kuma ban iya rubuta ƙarya ba, ko don ke.” Ya ninke takardar. “Zan gaya wa yayyena su ɗaga zuwan gobe.”

“Su ɗaga, ko su fasa?”

“Ban sani ba tukuna. Bari in koma asibiti.”

Ya bar bindigar a nan, ya fita. Na ji motar ta tashi, na ji ta sha kwana.

Na zagaya ta waje na shiga gida, don kada in bi ta falo. Umma tana tsakar gida tana goge rigar nan ruwan zuma, duwatsun hannun suna ta ƙyalli, ashe tela ta sa su duk da na hana. Ta ɗago ta ga fuskata.

“Motar Likita na ji. Bai shigo ya gaishe ni ba?”

“Ya ce a ɗaga zuwan gobe.”

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. “Me kika yi masa? Na san za a zo nan. Mutum ba dutse ba ne, kin ja shi kin ja shi har ya gaji. Ni me zan ce wa gwaggonki da na riga na gaya mata?”

Kafin in amsa, muryar Baba ta fito daga shago. “Uwata.”

Na same shi zaune a kujerata, ya sa babbar rigarsa ta fita da hula, tafin hannunsa a kan bindigar Likita. Ƙofar falon a buɗe take. Ban san tun yaushe take a buɗe ba.

“Hamsin na ƙirga,” ya ce. “Haka ne?”

“Haka ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya cire tabaransa, ya ninke, ya sa a aljihu kamar abin da ya gama amfani.

“Na kai shi sama sau uku, na dawo sau uku. A na ƙarshe wani ya yi sallama, na amsa, na ci gaba. Na ga sifili, na ce shi ke nan. Na san ba na ganin layin. Na san dokar kwana ni na kafa ta, kuma na san dalilin da na kafa ta. Da ya ce yana sauri, sai na ji kunyar in ce masa ya jira yarinya ta dawo ta duba aikina.”

Na durƙusa a gabansa. “Baba, ni ma na…”

“Na ji naki. Naki daban, nawa daban, kowa zai ɗauki nasa.” Ya lalubo kaina ya dafa. “Shekara biyu ina barin ki kina gyara mini a ɓoye, ina shan shayi ina yi kamar ban sani ba. Na ɗauka mutuncina nake karewa. Ga wanda ya biya can a kwance, ko sunansa ban sani ba.”

Umma tana tsaye a ƙofar falo, rigar a hannunta. Ta kalli Baba, ta kalli aljihun da ya sa tabaran, sai ta zauna a hannun kujera a hankali. Shekara arba'in suna tare, a ranar ta sani.

Baba ya ce, “Gaya mini gaskiya. Saboda ni kike ta ja wa yaron nan rai?”

“Eh.”

“To kin yi wauta, ni kuma na fi ki.” Ya miƙe. “Sauko mini da takardar nan ta bango. Ki gaya masa kada ya cike komai, ni zan je ofishinsu ranar Litinin in faɗa da bakina. Yanzu asibiti za ki kai ni in ga mutumin nan. Idan mun fito kuma ki tambaya mini ina ɓangaren ido yake.”

Na sauko da lasisin, inda ya tashi ya bar farin murabba'i a bangon. Na tura wa Likita saƙo cewa ga mu nan zuwa da Baba. Na ja ƙofar shago na sa kwaɗo. A bakin titi, ga mai kanti yana kallo, ga masu faci a ƙarƙashin bishiya, Baba ya miƙo mini hannunsa. Bai taɓa yi ba. Kullum shi ne a gaba, ni ina biye ina addu'ar kada ya taka rami. Na kama, hannun da sanyi, duk ya yi kanta.

Muna jiran mota wayata ta yi ƙara.

“Shi ne?” in ji Baba.

“Shi ne.”

“Karanta mini.”

Na duba. Ya rubuta: “Ku zo. Amma ki sani matarsa da babban ɗansa suna bakin ƙofar ɗakin, sun tambaye ni yadda aka yi, na gaya musu duka. Ɗan ya ce yana son ganin mai gyaran.”

Na ji kamar in ce masa cewa ya yi mu zo kawai. Amma na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Baba ya gyara zaman hularsa da ɗaya hannun.

“Yana da gaskiya,” ya ce. “Tsayar mana da mota.”